Daga farautar kuskure zuwa ƙirƙira: lacca kan injiniyoyin Japan da suka zama manajoji

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Tun da Deming, wani Ba'amurke, ya je Japan a 1950 ya koyar da kula da ingancin kaya ta hanyar lissafi, aka raini injiniyoyinsu a kan abu guda: kada kaya ya bar masana'anta da aibu. Mutum ya shekara da shekaru yana farautar kuskure, rana ɗaya a ɗaga shi ya zama kacho, wato shugaban sashe, a ce masa ana son sabon abu. To ta ina zai fara? Wanda aka saba masa da ƙin kuskure, yau an ce ya zuba ido yaransa su gwada, su ɓata, su sake.

Ga kuma ringi, takardar shawara da ke zagaya ofisoshi kowane babba ya buga hatiminsa. Kafin ta fita ma an bi kowa an lallashe shi a gefe, su suna ce wa wannan nemawashi. Yana kashe rigima, ban musa ba. Sai dai shawarar da ta bi ta hannun kowa, kafin ta dawo an goge mata kaifi.

A farkon shekarun 2000 jami'o'insu suka buɗe kwasa-kwasan gudanar da harkar fasaha. Suna da amfani, amma ni darasin da na fi so a gidan burodi yake.

A 1985 kamfanin Matsushita na Osaka yana ƙera injin yin burodi na gida. Burodi ya ƙi: waje ya ƙone, ciki ɗanye. Har hoton ƙwaɓin suka ɗauka da na'urar eksire, ba su gano komai ba. Sai wata mai rubuta manhaja, Ikuko Tanaka, ta tafi almajiranci wurin babban mai burodi na otal ɗin Osaka International. Tana kallon hannunsa ta lura cewa yana jan ƙwaɓin yana kuma murɗa shi, abin da bakinsa bai taɓa faɗa mata ba. Ta koma ta bayyana wa injiniyoyi, aka yi ta gwaji kusan shekara, aka sa wa cikin tukunyar ƴan tudu masu riƙe ƙwaɓin. Injin ya shiga kasuwa a 1987.

Da wannan labarin Farfesa Ikujiro Nonaka na Jami'ar Hitotsubashi ya riƙa nuna wa manajoji cewa akwai ilimin da ke hannu, bai kai baki ba. Ku da kuka taɓa zama gaban maƙeri ko marini, kun san nufinsa.

Lokaci ya ja. Wa ke da tambaya?