Ƙodar alade a Amurka, kuɗin magani a Auyo: hira kan dashen ƙoda

NAZIFI: Assalamu alaikum masu sauraro. Nazifi ne, daga zauren Baba Malam Sabo a nan yankin Auyo. Tare da mu akwai Anti Hadiza, nas ce da ta daɗe tana aiki a ɗakin wankin ƙoda a Kano kafin ta dawo gida. Anti, wani bidiyo ke yawo a WhatsApp, wai Turawa sun fara dasa wa mutane ƙodar alade. Gaskiya ne ko irin labaran nan ne na waya?

HADIZA: Gaskiya ne, Nazifi. A watan Maris na 2024, a birnin Boston na Amurka, an dasa wa wani dattijo mai suna Richard Slayman ƙodar alade. Ya bar wankin ƙoda, har ya koma gida, amma bayan kimanin wata 2 ya rasu. Likitocinsa sun ce ba su ga alamar ƙodar ce sanadi ba, da ma yana fama da ciwon zuciya.

MALAM SABO: A'uzu billahi. Alade fa kika ce, 'yar nan. Duk dabbobin da Allah ya yi, a rasa wadda za a ɗauko sai ita? Ina rago, ina akuya?

HADIZA: Allah ya gafarta Malam, girman ƙodarsa ne ya yi kusa da ta mutum, ga shi yana haihuwa da yawa, yana girma da wuri. Kuma ba aladen da ke yawo a juji ba ne. Wanda aka cire wa Slayman ƙoda, gyara 69 aka yi a ƙwayoyin halittarsa. An cire masa wasu abubuwa 3 da jinin mutum ke gani ya far musu nan take, an sa masa 7 na mutum, ragowar kuma don kashe wasu ƙwayoyin cuta ne da ke kwance a jikin alade tun asali.

NAZIFI: To bayan shi fa?

HADIZA: Akwai wata mata, Towana Looney, da aka yi wa a New York a Nuwamban 2024. Ta yi kwana 130 da ita aka cire. Sai Tim Andrews, ya yi kwana 271 kafin a cire tasa a Oktoban 2025. Dukansu biyu sun koma wanki. Zuciya ma an gwada, David Bennett a Janairun 2022, wata 2 ya yi. Ka ga har yanzu gwaji ne, ba magani ba ne da za ka je ka nema.

MALAM SABO: Ni hukuncin nake tunani. Dashe tsakanin mutum da mutum, wannan malamai sun gama magana. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta halatta da sharuɗɗa: kada mai bayarwa ya halaka, ya kasance da yardarsa, kuma ba ciniki. Na alade kuwa sai a shiga babin lalura, kuma lalura tana da ma'auninta. Ba zan ba da fatawa a gaban makirfon yaron nan ba.

HADIZA: Bari in ƙara maka abin dubawa, Baba. Maganin da muke sa wa mai wankin ƙoda don kada jini ya daskare a cikin inji, hefarin, galibinsa daga hanjin alade ake samo shi. Shekara da shekaru ke nan.

MALAM SABO: Tirƙashi. To wannan sai na buɗe littafi.

NAZIFI: Anti, ni abin da ban gane ba, me ya sa jiki ke ƙin ƙodar? Baba yana aure mangwaro a gonarsa, ya yanko reshen wani ya ɗaura a kan wani, ya naɗe da leda, ya kama ya yi 'ya'ya.

MALAM SABO: Ba kullum yake kamawa ba, amma in ya kama, ya kama ke nan.

HADIZA: To a nan aka rabu. Mangwaro in ya kama an gama. Jikin mutum kuwa ba ya mantawa cewa ƙodar nan baƙuwa ce, ko bayan shekara 20. Garkuwar jiki tana nan tana jira. Shi ya sa dashen farko da ya yi nasara, a Disamban 1954 a Boston, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, Dakta Joseph Murray ya yi aikin. Jikin ɗaya bai ga ƙodar ɗan'uwansa a matsayin baƙuwa ba. Wanda ba shi da ɗan tagwaye sai ya sha maganin da zai danne garkuwar. Sai da saikulosforin ya shigo a wajajen 1983 dashe ya zama aikin yau da kullum, daga baya takrolimus ya karɓe wurin.

NAZIFI: Har tsawon wane lokaci ake sha?

HADIZA: Muddin ƙodar na jikinka. Wannan shi ne abin da nake so mutanenmu su ji da kyau. Mu a nan, in an ce dashe, kuɗin tiyata ake lissafawa. A sayar da gona, a sayar da shanun huɗa, a yi asusun neman taimako a masallaci da rediyo, a haɗa miliyoyi. A yi aiki lafiya, a dawo gida ana barka. Wata 6, wata 8, sai kuɗin magani ya gagara. Mutum ya fara shan ƙwaya ɗaya maimakon biyu, ya ce ai yana jin garau. Ƙoda ba ta ihu in jiki ya fara cin ta. Kafin ƙafa ta kumbura ko fitsari ya ragu, ɓarna ta yi nisa.

MALAM SABO: An yi asarar gona, an yi asarar ƙodar ɗan'uwa.

HADIZA: Kuma dashe na biyu ya fi wuya, don jinin ya riga ya koyi faɗa. Takrolimus ɗin nan, safe da dare ake sha, tsakaninsu awa 12 cif. Ranar gwaji ba za ka sha na safe ba sai an ɗebi jini, don a ga abin da ya rage a jiki. Ka ɗauki mutumin Guri ko Kirikasamma: sai ya kwana a Kano, ko ya yi asubanci ya shiga motar farko daga Haɗejiya, ƙwayar na cikin aljihu a ƙulle a leda, yana duban agogo, yana jiran layi. In maganin ya yi ƙasa, jiki ya ƙi ƙodar. In ya yi sama, shi da kansa yana lalata ƙodar, ya sa hannu rawa, ya jawo ciwon suga.

NAZIFI: Maganin da aka sha don kare ƙoda shi ke cutar da ita?

HADIZA: Shi fa. Ga kuma cututtuka, tun da an danne garkuwa. Wanda ya fi tsorata mu a nan shi ne tarin fuka. Matsalar ma biyu ce, don rifamfisin, babban maganin tarin, yana sa hanta ta ƙone takrolimus da sauri, sai ya zama kamar ba ka sha ba. In mai dashe ya je ƙaramin asibiti aka ɗora shi a maganin tari bai ce uffan kan dashensa ba, yana iya rasa ƙodar. Haka jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ba a san abin da ke ciki ba, da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis irin su dikulofenak da manoma ke watsawa a baki bayan an tashi daga gona.

MALAM SABO: Azumi fa?

HADIZA: Galibi likitoci kan hana a shekarar farko. Bayan nan sai a duba mutum, in ƙodar ta zauna sai a daidaita masa maganin tsakanin sahur da buɗa baki. Amma da zafin ƙasarmu, ba shawarar da mutum zai yanke shi kaɗai ba ce.

NAZIFI: To masu binciken nan, maimakon alade, ba za su nemo hanyar da za a daina shan maganin ba?

HADIZA: Suna nema, kuma ni a ganina wannan binciken ya fi na alade kusa da bukatarmu. A wasu cibiyoyi a Amurka, kamar Stanford, ana haɗa wa mara lafiya ƙoda da ƙwayoyin ɓargon wanda ya ba shi, don garkuwar jikin ta saba da mai bayarwar. Akwai waɗanda suka daina magani gaba ɗaya, shekaru suna lafiya, musamman waɗanda jininsu ya dace sosai da na 'yan'uwansu. Sai dai shirin da ake yi wa jiki kafin nan yana da nauyi da haɗari, kuma mutanen da aka yi wa ba su da yawa. Wani abin kuma da ba ya bukatar sabon inji shi ne musaya. Kai kana so ka ba wanka, jininku bai dace ba. Can a Ringim wata tana so ta ba mijinta, su ma bai dace ba. In an duba aka ga taka ta dace da mijinta, tata ta dace da wanka, sai a yi aikin rana ɗaya. Rajista kawai yake so, da amana tsakanin asibitoci.

MALAM SABO: Na ji ana cewa a Turai daga gawa ake cirewa.

HADIZA: Haka ne, Sifen ce kan gaba. Mu a Najeriya kusan duk dashenmu daga mai rai ne, tun na farko a Legas a 2000, da wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a Kano a 2002. Na mamaci yana son ɗakin kulawa mai injin numfashi da wutar da ba ta ɗaukewa, da likitocin da za su tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu.

MALAM SABO: Da dangin da za su yarda. Mu da in an rasu da hantsi kafin azahar an kai. Wa zai tsaya ya ce a jira a buɗe cikin mahaifinsa? Ba na ce haramun ba ne, al'adar ce ba ta san shi ba.

NAZIFI: Ke nan nauyin duk a kan 'yan'uwa yake.

HADIZA: Kuma mai bayarwa shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Towana Looney ɗin nan da na ambata, ka san yadda aka yi ta rasa ƙoda? Ita ce ta ba mahaifiyarta ɗaya a 1999. Daga baya ta sami juna biyu, hawan jini ya kama ta, ɗayar da ta rage ta lalace. Ba kowa haka ke samu ba, yawancin masu bayarwa suna rayuwarsu lafiya da ƙoda ɗaya. Amma bincike ya nuna macen da ta bayar ta fi shiga haɗarin hawan jinin masu ciki. Yarinya 'yar shekara 22 mai haihuwa a gabanta, a ƙauyen da ba a zuwa awo, ba a ce mata kawai ki taimaki yayanki ba.

MALAM SABO: Wannan gaskiya ne. A gidajenmu in manya suka zauna suka nuna ka, a'a ba ta fitowa. Balle matar aure a tsakiyar dangin miji.

HADIZA: Shi ya sa ake ganawa da mai bayarwa shi kaɗai, a rufe ƙofa. In ya ce ba ya so, likita zai fito ya ce wa dangi bai dace da bayarwa ba, ba tare da ya tona shi ba. Akwai kuma abin da ya shafe mu 'yan Afirka ta Yamma musamman. A 2010 aka gano wani nau'in ƙwayar gado da ake kira APOL1. Yana kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, amma wanda ya gada daga uwa da uba duka, haɗarin ciwon ƙodarsa ya fi yawa. Wani babban bincike a Ghana da Najeriya da ya fito a 2024 ya tabbatar da haka a cikin mutanenmu. To ka ga, ƙanin mara lafiya, uwa ɗaya uba ɗaya, yana iya ɗauke da abin da ya kwantar da wansa.

NAZIFI: Ga shi mu yankin nan, daga Haɗejiya har Gashuwa da Nguru, an san mu da ciwon ƙoda.

HADIZA: Shi ya sa gwajin mai bayarwa daga nan bai kamata a yi shi sama-sama ba. Ruwan da mara lafiya ya sha shi ya sha, ranar da ya sha a fadama ita ya sha. Bayan aiki kuma, duk shekara a auna masa jini da fitsari da hawan jini, har abada. In ana tara kuɗin dashe, a sa wannan a lissafi.

NAZIFI: Anti, abokaina da ke zuwa cirani Abuja da Legas suna cewa akwai dillalai masu zuwa tasha, su ce ka ba da ɗaya a ba ka kuɗin babur.

HADIZA: Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki. Kuma ka tuna Sanata Ike Ekweremadu. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 9 da wata 8 kan kai wani saurayi mai talla a Legas don a cire masa ƙoda a sa wa 'yarsa. Wanda ya sayar, ba mai bibiyar lafiyarsa. Babur ya tsufa a shekara 3, in ɗayar ƙodar ta taɓu, wanki sau 3 a mako ake so, kuɗin babur ɗin ba zai kai shi ko'ina ba.

MALAM SABO: Amma 'yar nan, yunwa ce ke kai su. Ka ce wa mai yunwa haramun ne, ya ji, amma cikinsa bai ji ba. Na ji an ce Iran gwamnati ce ke tsara biyan.

HADIZA: Tun 1988, Baba. Amma su wa ke bayarwa a can? Talakawa masu bashi. Ni ban yarda da shi ba.

MALAM SABO: Ni ma ban ce na yarda ba. Cewa na yi wanda ya bayar don Allah, aƙalla a ɗauke masa kuɗin asibiti da na noman da ya rasa a daminar. Wannan ba ciniki ba ne.

HADIZA: A kan wannan kam ba mu da saɓani.

NAZIFI: To a nan za mu tsaya. Masu tambaya kan wankin ƙoda da kuɗinsa, mun ga saƙonninku, Anti ta ce mako mai zuwa za ta zo da bayanin gwajin fitsarin da ake iya yi a asibitin ƙauye. Baba kuma muna bin sa bashin abin da littafi ya ce kan hefarin. Wassalamu alaikum.