Kafin ka sa hannu, ka taɓa jin ɗalibinka yana aiki?

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, abokan aiki, da ku ɗalibai da kuka cika bayan ɗaki, barkanmu da zuwa. An ce in yi magana kan yadda ake auna ƙwarewar ɗalibin da ke koyon ba da shawara ga masu damuwar rai, a lokacin da yake aiki ƙarƙashin malami mai sa ido. Da laifina zan fara.

Shekarun baya na duba wata ɗaliba har wata shida. Duk Laraba takan zo ofishina da fayil tsaf, ta gaishe ni da ladabi, ta karanto mini yadda zamanta da mutane ya gudana. Maki mai yawa nake ba ta, ko ɗar ban ji ba. Saura mako uku ta gama sai ta kawo mini sautin wani zama da ta ɗauka da izinin matar. Matar nan mai 'ya'ya huɗu ce. Ta yi shiru, can ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni dai wani lokaci ji nake da ma in kwanta kar in tashi." Kafin ta rufe baki ɗalibata ta ce, "Haba Hajiya, daina faɗin haka, ki yi haƙuri, kowa da irin jarrabawarsa." Ta wuce zuwa maganar barci da cin abinci. Sau uku ina mayar da sautin baya. Na buɗe fayil, abin da ke rubuce shi ne matar tana fama da rashin barci. Yarinyar ba ƙarya ta yi mini ba. Tsoro ne ya kama ta, domin ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake kallon mutum a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Washegari muka nemo matar, alhamdulillahi muka same ta lafiya. Amma ni da daddare barci bai zo mini ba, don na gane wata shida ina auna iya ba da labarinta ne, aikinta kuwa ban taɓa gani ba.

A 1990 wani malamin likitoci a Amurka, George Miller, ya zana matakan ƙwarewar ɗalibi a siffar dala mai hawa huɗu. Hawa na ƙasa shi ne ɗalibi ya san abu. Na biyu ya san yadda ake amfani da shi. Na uku ya nuna a gabanka. Na ƙoli kuwa shi ne abin da yake yi da gaske in an rufe ƙofa, shi kaɗai da mai neman taimako. Jarrabawar takarda iyakarta hawa biyu na ƙasa. Rahoton da ɗalibi ke kawo maka ma, in ka duba da kyau, can ƙasan yake zaune.

Kuma wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun farkon shekarun 1940 masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers da ɗalibansa a Jami'ar Jihar Ohayo suke ɗaukar zaman shawara a fayafayan garmaho, faifai ya cika a canja wani. A 1942 ya wallafa zama takwas na mutum guda, kalma bayan kalma. Da garmaho fa, jama'a! Mu yau kowa da waya a aljihu.

Me ya sa rahoto bai isa ba? A 1996 Nicholas Ladany da abokan aikinsa sun tambayi masu koyon aiki 108, kashi 97 cikin ɗari suka ce akwai abin da suke ɓoye wa malamin da ke duba su, ciki har da kurakuransu. Ban ga laifinsu sosai ba: mutumin da ake so ka buɗe masa cikinka, shi ne riƙe da alƙalamin makinka. Mu manyan ma ba mu tsira ba. A 2005 masu bincike tare da Michael Lambert sun nemi masu ba da shawara su yi hasashen wanda halinsa zai taɓarɓare cikin mutum 550 da suke ba shawara. Mutum 40 ne suka taɓarɓare. Mutum uku kacal masu shawarar suka nuna, cikin ukun ma ɗaya ne suka dace. To in ƙwararre bai ga abin da ke gabansa ba, yaya ɗan koyo zai kawo maka labarinsa?

Yanzu in juyo kanmu masu sa hannu, a nan zan ɗan daɗe. Tun 1920 Edward Thorndike ya lura cewa in mai ba da maki ya ga hali ɗaya mai kyau a jikin mutum, sai kwarjinin halin ya rufe masa ido, ya ba shi maki mai yawa a komai. A Ostareliya, Craig Gonsalvez ya nuna haka take faruwa da masu duba ɗaliban fanninmu: sassauci ya yi yawa, kuma ɗalibin da ya burge a fanni ɗaya sai a ɗaga shi a duka. Mu a nan akwai ƙari a kan wannan. Akwai kara, akwai kunya. Yaron nan ya durƙusa ya gaishe ka, ka san mahaifinsa gona ya sayar ya biya kuɗin makaranta, wataƙila wani babba ya bugo ya ce a taimaka. Wallahi na san nauyin abin, na ɗauke shi. Amma a wannan ciniki akwai mutum na uku da ba ya cikin ɗakin, wato matar da za ta zauna gabansa baɗi ta faɗi irin maganar da Hajiyar nan ta faɗa. Ita wa zai yi mata kara?

Kayan awo akwai su. A Birtaniya akwai ma'aunin da aka gyara a Niyukasil a 2001 don masu aikin gyaran tunani da ɗabi'a: abu 12 ake dubawa a zama guda da aka ɗauka, kowanne daga 0 zuwa 6, sai ka kai 36 ka haye. Akwai jarrabawar tasha-tasha da ɗaliban likitanci ke kira oski, wadda Ronald Harden ya fito da ita a Sukotland a 1975, a sa wani ya kwaikwayi mai damuwa, ɗalibi ya shiga, malami na gefe yana kallo. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne wani ma'auni mai suna ENACT, da aka fara a Nepal, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗauka cikin shirinsu na EQUIP. Matakinsa na farko yana tambaya ne ko ɗalibin ya yi abin da zai iya cutarwa, kamar yi wa mutum faɗa ko tsallake maganar mutuwa. Da da shi na auna ɗalibata, da tun makon farko na gani.

Sai dai duk ma'aunin da ka ɗauko, ka tuna da Hausa ake zaman, da Turanci ake rubuta fayil. Mace ta ce "zuciyata ta yi baƙi", ko dattijo ya ce "tunani ya yi mini yawa", kafin maganar ta isa takarda an mayar da ita kalmar asibiti guda ɗaya. Kuma takardar awon ƙasar waje za ta ba da maki ga haɗa ido, alhali ɗaliba 'yar shekara 24 da ta zuba wa dattijo ido ta ɓata zaman tun ba a fara ba. Dole mai dubawa ya ji harshen, ya san inda shiru yake nufin kawaici da inda yake nufin an gaji da kai. Yanzu da aka sa hannu a Najeriya kan dokar majalisar masu ba da shawara a 2022, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023 wadda ta maye gurbin ta 1958, sa hannunmu ya ƙara nauyi.

Ni abin da nake yi tun daga lokacin shi ne, ba na cike takardar ɗalibi sai na ji zamansa uku cikakku, farkon zango da tsakiya da ƙarshe, kuma ni nake zaɓar ɗaya daga ciki. Tun ranar farko nake miƙa masa takardar awon ya san abin da zan duba. Mukan saurara tare, in tsayar da sauti in ce, "A nan me ka ji a ranka?" Na ƙarshen kuma nakan ba wani malami da bai san ɗalibin ba ya ba da nasa makin. Sauti ba a ɗauka sai da izini a rubuce, kuma a gaban ɗalibin nake goge shi. Wanda ya ƙi a ɗauka, sai in nemi izinin zama a kusurwar ɗaki.

Na ga shugaban zama yana nuna mini agogo. Malam, ka ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah.