Darasi: kiwon kalingono, kifin Tafkin Malawi mai kwanciyar mushe

Assalamu alaikum masu kallonmu. Ku dubi wannan kifin da ya kwanta ta gefe a kan yashi, ko motsi ba ya yi. A'a, kar a tsamo shi, bai mutu ba. Farauta yake.

Sunansa na kimiyya Nimbochromis livingstonii, mutanen bakin Tafkin Malawi kuma suna ce masa kalingono, wato mai barci. Danginsu ɗaya da karfasa. Kun ga dabbare-dabbaren nan na fari da ruwan ƙasa? Su ke sa ya yi kama da mushe. Ƙananan kifaye su matso za su ci banza, shi kuwa ya yi wuf ya haɗiye ɗaya. Saboda haka duk kifin da zai shiga bakinsa, kar ku haɗa su tanki ɗaya, abinci kuka ba shi.

Yana kai santimita 25, don haka tankin gilashin kar ya gaza santimita 150 a tsawo, ruwa kamar lita 450. A ƙasa a shimfiɗa yashi mai laushi, don tsakuwa mai kaifi tana kurje masa gefe. Duwatsu kuwa a fara dasa su a gindin tanki kafin a zuba yashi. Yakan tona, in dutse a kan yashi yake zaune sai ya rufto.

Ruwan tafkin nan mai kanwa-kanwa ne. Ma'aunin pH, wato na tsami ko kanwar ruwa, ya tsaya tsakanin 7.8 da 8.6, zafi digiri 24 zuwa 27. In ruwanku ya cika tsami, a sa dakakken murjani a cikin matata. Duk mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ruwan famfo sai an kashe sinadarin kulorin da ke ciki.

To, abinci, nan aka fi yin ɓarna. Ƙwayar abincin kifaye masu cin nama, jatan lande, ko yankan kifi, abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya a rana ga babba. Ban da naman shanu, kitsensa ba ya narkewa a cikin kifin. Kifi mai rai ma kar ku ba shi ya ci, cuta yake shigowa da ita.

Yaya za a bambance kwanton ɓauna da rashin lafiya? Mai farauta idonsa na bin ku, numfashinsa a natse, da an jefa abinci zai zabura. Marar lafiya yana haki, ya ƙi ci, ciki ya kumbura, kashinsa fari kamar zare. Wannan a ware shi nan take, a gwada ruwan.

Namiji ɗaya, mata uku, in ba haka ba zai addabi guda ɗaya da kora. In kuka ga ya yi shuɗi, lokacin aure ya zo. Macen a baki take riƙe ƙwai, wajen mako uku ba ta ci. Haɓarta ta kumbura, ta daina cin abinci? Ku mayar da ita wani tanki a hankali, a cikin kwano da ruwansa, don in ta firgita sai ta tofar da ƙwan.