Darasi: gyaran fayilolin HTML da suka hargitse ba tare da bin su ɗaya-ɗaya ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, sannunku da zafin Garwa. Mu yi sauri kafin a ɗauke wuta.

Wani ƙanena ne daga Marwa ya turo mini shafukan wata ƙungiya, a Word aka rubuta su aka mayar HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi. Ku duba allon nan. An buɗe alamar p ta sakin layi ba a rufe ba, an rufe b mai kaurara rubutu kafin i mai karkata rubutu da ke cikinta. Burauza tana haƙuri ta nuna shafin, shi ya sa ba wanda ya lura, sai da aka zo kwashe rubutun.

Maganinsa Tidy, wani shirin kwamfuta na gyaran HTML wanda Dave Raggett na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ya fara rubutawa. Ku fara da tidy -e da sunan fayil. Wannan ba ya taɓa komai, kurakurai kawai yake lissafo muku, layi da layi. Sannan tidy -utf8 -o sabo.html tsoho.html, ya gyara tsoho.html ya ajiye gyararren a sabo.html. Tarkacen Word kuwa, ku ƙara --word-2000 yes, ya share.

Yanzu ku saurara da kyau. Akwai -m, mai rubutawa kan fayil na asali. Ni na taɓa sakin sa kan folda guda ba kwafi, wallahi ranar ban ci tuwo da daɗi ba. Ku kwafe folda tukuna.

Mu nan muna haɗa Faransanci da Hausa a shafi ɗaya, to a nan gizo ke saƙa. In kun ga é ya zama Ã©, rubutun da aka adana da tsarin haruffa na UTF-8 ne aka karanta shi da wani tsarin daban, Windows-1252. Haka ƙ da ɗ da ɓ ma suke watsewa. Ku gano yadda aka adana fayil ɗin kafin gyaran alamomi, in ba haka ba Tidy zai jera muku shirme tsaf-tsaf.

In kuskuren ya yi muni, Tidy yakan ƙi fitar da komai. Akwai --force-output yes mai tilasta shi ya fitar, amma ni na fi son in koma harshen Python, in ba BeautifulSoup, kayan aikinsa na sarrafa HTML, fayil ɗin tare da html5lib mai karanta masa shafin. html5lib ya fi takwaransa lxml jinkiri, sai dai yana karanta shafi kamar yadda burauza ke yi. Ku zagaya folda da umarnin for na Python, kowane fayil a rubuta shi a sabuwar folda.

Bari in buɗe na farko mu gani... yawwa, teburin da ke shafin ya dawo daidai.