Surukin Musa da itacen gawo

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa matasan ikilisiya a Maraɗi)

'Yan'uwa maza da mata, salama a gare ku. Ku buɗe Fitowa sura 18. Musa yana zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har faɗuwar rana, shi kaɗai. Sai surukinsa Yetro ya dube shi ya ce masa abin nan ba zai yiwu ba, zai gajiyar da kansa ya gajiyar da mutane, ya zaɓi amintattu ya sa su bisa dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. To, wane ne Yetro? Firist ne na Madayana, ba ɗan Isra'ila ba. Musa kuwa, wanda Allah yake magana da shi baki da baki, ya saurara, ya kuma aikata.

Na fara da wannan ne domin abin da nake ji a bakin yaranmu yana damuna. Yaro ya dawo daga makaranta, ya ce ba zai karɓi nasihar malaminsa ba tunda ba mai bi ba ne. Na san inda tsoron ya samo asali. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, kuma ba mu manta da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a 2015 ba. Amma tsoro ya fara toshe mana kunne, abin da Littafi bai koya mana ba ke nan. Istifanas, almajirin nan da aka jajjefe saboda bangaskiyarsa, ya shaida cewa an koya wa Musa dukan ilimin Masarawa. Bulus a Atina, cikin Ayyukan Manzanni 17, ya ɗauko baitin mawaƙan Helenawa ya kafa wa'azinsa a kai. Ashe sai da ya zauna ya karanta su.

Mu dawo gida. Dattawan da ke nan sun tuna yadda gonakinmu suka koma fili fetal bayan farin shekarun 1970, iska tana binne shuka da rairayi. Mishan ta yi ta dasa itatuwan da aka reno a leda, akasarinsu suna mutuwa. A 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM ɗan Ostireliya, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara kututture ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. A bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, sai itace ya tashi. Wannan shi ne sassaben zamani. Amma wa ya san itacen da ya kamata a bari? Manomi, wanda yawanci Musulmi ne, wani ma bai taɓa shiga aji ba. Shi ya gada daga kakanni cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, gero ya yi kyau a gindinsa, awaki su ƙoshi da 'ya'yansa. Da an raina wannan sani, da ba a kai ga farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar ba. Wanda ya halicci gawo shi ya ba manomin nan idon ganewa.

Wani zai ce, Malam, to har da bori da tsafi za mu kwaso? A'a. Bulus ya ce wa Tasalonikawa su gwada kowane abu, su riƙe mai kyau. Shi kansa a Atina ya karɓi baitin, ya ƙi gumakan, ya ƙarasa maganarsa da tashin Almasihu daga matattu, har wasu suka yi masa ba'a. Ba mu sassauta ko kaɗan a kan wane ne Yesu. Sai dai in maƙwabcinka Alhaji ya fi ka cika mudu a kasuwa, ya fi ka kula da tsohuwarsa, ya riga ka tashi addu'a da asuba, je ka gaishe shi, ka tambaye shi yadda yake yi.