Wa ya gina kufan dajin Faron?

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ni da Hauwa da Nura za mu leƙa ƙasar Hyrule ta wasan Zelda na Nintendo, mu duba gine-ginenta.

Hauwa: Yaya Bashir, bari in fara, don abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da wasan Zelda mai suna Breath of the Wild ya fito a 2017, duk wanda ya kutsa dajin Faron ta kudu ya ci karo da kufai: ginshiƙan dutse da gansakuka ta lulluɓe, da gumakan ƙaton maciji, mujiya da aladen daji. Taswira ta ce kufan Zonai, shi ke nan. Babu wanda zai zaunar da kai ya faɗa maka su wane ne.

Nura: Dabbobin nan uku kuwa da manufa aka zaɓe su. Maciji jarumta, mujiya hikima, alade ƙarfi, wato sassa uku na Triforce, alama mai tsarki ta alwatika uku a wasan. Shi ya sa Maɓuɓɓugar Jarumta sai ka bi ta bakin maciji kafin ka isa.

Bashir: Sunan Zonai ma daga kalmar Japananci ta "nazo" aka juyo shi, ma'ana abin da ya shige wa mutane duhu.

Nura: To nan 'yan wasa suka duƙufa. Akwai kayan yaƙi da ake samu a gidajen ɓad-da-bami guda uku na Lomei, bayaninsu ya ce na wata ƙabilar mayaƙa ce daga Faron. Sai mutane suka ce ai su ne Zonai. Wasu suka dubi zanen nan mai murɗewa kamar katantanwa suka haɗa su da mutanen Twili na Twilight Princess, wasan 2006. Wasu kuma suka ce sassaƙar ta yi kama da ta Maya da Aztek, tsofaffin al'ummun Amurka ta Tsakiya.

Bashir: Ɗakunan gwaji 120 na ƙabilar Sheikah da ke cikin wasan fa?

Hauwa: Waɗannan ba gardama, waɗanda suka ƙirƙiri wasan da bakinsu suka ce tukwanen tsohon zamanin Jomon na Japan suka duba. A Zonai ne suka bar mu cikin duhu shekara shida.

Nura: Har ci gaban wasan, Tears of the Kingdom, ya fito a watan Mayun 2023, aka ga Zonai da ido: Sarki Rauru da 'yar uwarsa Mineru. Daga sama suka sauko, masu ilimi da na'urori, babu kamar mayaƙan daji ko kaɗan.

Hauwa: Nan ne na tsaya, Nura. Ka hau tsibiran sama ka duba: dutse fari, an goge shi sumul, komai a kan ma'auni. Ka sauko Faron, dutse mai kaushi, sassaƙa mai nauyi. Wallahi ba hannu ɗaya ba ne. Ni ina tare da masu cewa mutanen ƙasa ne suka gina Faron, don girmama baƙin da suka sauko musu. Sun kwaikwayi abin da suka gani da kayan aikin da suke da shi.

Nura: Amma Hauwa, tsibirin kan maciji yana saman Faron daidai, kuma masana'antar da ake haɗa wa Mineru jikin na'ura tana ƙarƙashinsa. Gidajen Lomei ma kowanne yana da ɗan uwa a sama da wani a ƙarƙashin ƙasa. Mutanen ƙasa ba su da wannan ikon.

Hauwa: Na yarda da na sama da na ƙarƙashi, nasu ne. Na tsakiyar nake magana.

Bashir: To kayan yaƙin nan na wa ke nan?

Hauwa: Na maginan, Yaya. Ƙabilar Faron ce ta ainihi, ita ta ɗauki dutse, daga baya sunan Zonai ya rufe nata.

Nura: Daren nan zan koma Faron in ɗauki hoton ginshiƙi ɗaya, in hau sama in ɗauko wani, mu jera su gefe da gefe.