Makaɗan Landan da suka fara ba mai sanda a gabansu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga Landan nake magana da ku, a bakin dandalin Trafalgar. Duk wanda ya taɓa zuwa sabunta fasfo a ofishin jakadancin Najeriya da ke titin Northumberland ya san wajen nan, tafiyar 'yan mintuna ce tsakani. Wancan gini mai dogayen ginshiƙai da hasumiya da kuke hange a bayana, cocin St Martin-in-the-Fields ke nan, an gama shi a 1726. A cikinsa aka haifi ƙungiyar makaɗan da nake son ba ku labarinta, Academy of St Martin in the Fields.

Kada wani ya ce bai taɓa jin su ba. In dai kana kallon gasar Zakarun Turai, waƙar nan da ake sakawa 'yan wasa na tsaye a jere kafin a take leda, wadda Tony Britten ya tsara a 1992, muryoyin da aka fara ɗaukarta da su na reshen mawaƙan wannan ƙungiya ne. Kiɗan kam wata ƙungiyar makaɗa daban, Royal Philharmonic, ce ta yi shi.

Neville Marriner ne ya kafa ta a 1958. Mai goge ne, goge irin na Turawa mai tsirkiya huɗu wanda ake dafewa da haɓa, yana aiki a London Symphony Orchestra. A irin waɗannan manyan ƙungiyoyi mutum ɗaya ke tsayawa a gaba da 'yar sanda, shi zai ce a yi sauri, shi zai ce a sassauta, makaɗi sai dai ya bi. Marriner da wasu abokan sana'arsa suna son su riƙa yanke wa kansu yadda kiɗa zai tafi. Suka fara haɗuwa a gidansa, mutum goma sha wani abu, duk masu kayan tsirkiya. Ranar 13 ga Nuwamba 1959 suka yi wasansu na farko a cikin cocin nan, babu kowa tsaye a gabansu. Marriner na zaune da gogensa, daga kujerarsa yake jan ragama.

Wannan ne abin da ya kama zuciyata, don na zauna na kalle su da idona. Kafin a fara, shugaban masu goge zai ja numfashi ya ɗaga kafaɗa kaɗan, sai ka ga duk sun shiga lokaci ɗaya kamar 'yan gayya da suka saba noma kunya ɗaya. Na baya yana kallon hannun na gaba, mai babban goge yana sauraron mai busa, in wani ya ɗan ja kiɗan sauran su ba shi hanya. Ba wanda zai yi gyangyaɗi ya ce ai akwai mai lura. Wallahi sautin ma daban yake fita, tas-tas, ba nauyi, kana jin kowane kayan kiɗa da muryarsa.

Faifai ne ya kai sunansu duniya. A 1969 suka ɗauki kiɗan yanayin shekara huɗu na Vivaldi, tsohon mai tsara kiɗa ɗan Italiya, ya yi kasuwa sosai, daga nan har suka haura faifai 500. Su ne kuma suka yi kiɗan fim ɗin Amadeus, labarin shahararren mai tsara kiɗa Mozart, a 1984. Da aiki ya faɗaɗa, makaɗa suka ƙaru, Marriner da kansa ya ajiye goge ya ɗauki sandar. Amma tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, Iona Brown, wata mai goge a ƙungiyar, ta ci gaba da jagoranci da gogenta a hannu.

Rayuwarsu ta matafiya ce. Ba su da zauren kansu, yawancin makaɗan ma ba ma'aikatan albashi ba ne, aiki ke tara su. Yau Jamus, wata mai zuwa Amurka, can gaba Asiya. Kowane zaure da yadda yake mayar da sauti, don haka da sun sauka sai gwaji na ɗan lokaci da yamma, da dare a fito gaban jama'a, gari ya waye a kama hanya. Mai calo, gogen nan da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, sau da yawa sai an saya wa kayan nasa kujera a jirgi. Ni dai ina jinjina wa mutanen da ke iya wannan wahala kuma su kaɗa da rai.

Marriner ya rasu ranar 2 ga Oktoba 2016 yana da shekara 92, yana kan aiki har ƙarshe. Tun 2011 Joshua Bell, Ba'amurke, ke riƙe da ƙungiyar, shi ma daga kujera da goge a hannu, har manyan kiɗe-kiɗen Beethoven haka suke yin su. Ku nemi bidiyonsu a YouTube, amma kada ku tsaya kan Bell kaɗai, ku lura da idanun waɗanda ke layi na biyu da na uku. Ku rubuto min abin da kuka gani, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.